Kalmar "tacit" da shirun da ake ƙirgawa a matsayin magana

Tambaya: Ina yawan cin karo da kalmar "tacit" a jaridun Turanci, kamar a ce "tacit approval" ko "tacit agreement". Ƙamus ɗin da ke hannuna ya ce ma'anarta abin da ba a faɗa ba. To me ya raba ta da sirri, ko da abin da aka hana faɗa? Daga ina kalmar ta fito, kuma yaya zan sa ta a Hausa?

Amsa: Ƙamus ɗinka bai yi kuskure ba, amma rabin magana ya ba ka. Abubuwan da ba a faɗa ba iri-iri ne. Akwai wanda aka ɓoye, akwai wanda ake jin nauyin ambatonsa, akwai wanda aka manta da shi kawai. Ita "tacit" ta keɓanta da iri ɗaya: abin da ba a furta ba, amma kowane ɓangare ya gane shi, har ana aiki da shi kamar an furta. Bahaushe ya riga ya kama wannan a karin maganarsa da ya ce shiru ma magana ce. Shirun da ya zama magana, shi Bature yake nufi idan ya ce "tacit".

Mu fara da furuci, don nan ake yawan tuntuɓe. "Tasit" ake cewa, da nauyi a kan gaɓar farko. Harafin c a gaban i yakan fita kamar s a Turanci. Ba ta haɗa dangi da "tactic" ko "tact" ba, duk da kamannin rubutu. "Tact" daga kalmar Latin mai nufin taɓawa ta zo, "tactic" kuwa daga Girkanci, wajen jera mayaƙa.

Asalinta Latin ne, harshen Rumawan da. Suna da aikatau "tacere", wato yin shiru, daga shi suka samu "tacitus", wanda ya yi shiru ko abin da aka wuce shi ba a ambata ba. Su Rumawan "takitus" suke furtawa, da k. Kalmar ta shiga Turanci tsakanin ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17, zamanin da masu ilimin Ingila suke ɗibar kalmomi daga Latin da Faransanci suna zubawa a harshensu don rubutun shari'a da addini da falsafa. Shi ya sa har yau ƙanshin littafi take yi. Ba kasafai za ka ji ta a hirar kasuwa ba, a can "unspoken" ake cewa, wadda take gadon gida ce a Turanci. Da farko ana iya siffanta mutum da ita a ce ya yi shiru, amma wannan amfani ya mutu, ya bar ma'anar da muke da ita yanzu.

Wanda ya yi makarantar boko a Nijar ya san 'yar'uwarta tun yana ƙarami, ko da bai san dangi ba ne. "Tais-toi" da malami yake daka wa ɗalibi, wato yi shiru, daga aikatau na Faransanci "taire" take, shi kuwa "taire" jikan "tacere" ne kai tsaye. Tushen ya girmi Latin ma. A harsunan Jamusawan da, inda t ta Latin take komawa th, kamar yadda "tres" ta dace da "three", akwai "thahan" a harshen Gotik da "thegja" a tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, duka da ma'anar yin shiru. A harshen Suwidin har gobe ana cewa "tiga". Shahararren marubucin tarihin Rum ɗin nan, Tacitus, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na farko da farkon na biyu, wannan kalmar ce sunansa.

A cikin Turanci tana da 'yan'uwa uku da ya kamata ka rarrabe. "Taciturn" siffa ce ta mutum mara yawan magana, irin wanda mukan ce shiru-shiru ne ko miskili, ta bayyana a ƙarni na 18. "Reticent" shi ne mai riƙe abin da ke cikinsa, mai zurfin ciki, daga "reticere". Wasalin a ya koma i ne saboda ɗabi'ar Latin ce idan aka liƙa wa aikatau ɗafa-goshi. Sai "tacet" da ake rubutawa a takardar kiɗan Turawa don gaya wa mai wani kayan kiɗa cewa a wannan sashe ya yi shiru. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su ce wane "tacit" ne suna nufin ba ya magana. Ba a faɗin haka. Mutum "taciturn" ne. Yarda ko fahimta ko goyon baya su ne "tacit". Kuma siffa ce da kusan kullum take zuwa gaban suna: "tacit consent", "tacit understanding", "tacit admission". Idan kana son bayanau sai ka ce "tacitly". Ba ta da aikatau a Turanci.

Inda kalmar ta yi nauyi sosai shi ne shari'a, domin a nan ne ake tambayar da ta fi muhimmanci: yaushe ne ya halatta a ɗauki shirun mutum a matsayin amincewarsa? Malaman dokar coci a Turai suna da ƙa'ida da Latin, "qui tacet consentire videtur", ma'ana wanda ya yi shiru ana ganin kamar ya yarda. Tana cikin jerin ƙa'idojin da aka haɗa da kundin dokar da Fafaroma Boniface na takwas ya fitar a 1298. Amma tun can masana sun ga cewa idan aka sake ta haka babu linzami za ta zama makamin zalunci, shi ya sa ake ƙara mata sharaɗi: sai a inda ya kamata mutum ya yi magana, kuma yana da ikon yi.

Malamanmu na fiƙihu sun bi wannan hanyar ta wata ƙofa, kuma a ganina tsarinsu ya fi fito da matsalar fili, domin da hani suka fara. Ƙa'idar da ake jinginawa ga Imamu Shafi'i ta ce ba a danganta magana ga wanda ya yi shiru. Daga baya aka cika ta da cewa amma shiru a wurin da ake bukatar bayani, bayani ne. Da wannan cikakken lafazi ta shiga Majalla, kundin dokar mu'amala na Daular Usmaniyya ta Turkiyya da aka tsara tsakanin 1869 da 1876, a matsayin ƙa'ida ta 67. Misalin da kowane ɗalibin zaure ya sani shi ne na budurwa: hadisi ya ce a nemi izininta, kuma izininta shi ne shirunta, saboda kunya. Bazawara kuwa sai ta furta. A Muhtasar na Halil an ce mustahabbi ne a sanar da budurwar tun farko cewa shirunta za a ɗauke shi a matsayin yarda, kuma idan ta ƙi ko ta nuna ƙyama ba a aurar da ita da wannan izinin. Ka lura da wannan sanarwar, domin ita ce ke mayar da shiru kawai ya zama shiru mai ma'ana. Haka nan a ilimin hadisi, abin da aka yi a gaban Annabi (SAW) ko labarinsa ya iso masa bai hana ba, wanda ake kira taƙriri, masu fassara zuwa Turanci "tacit approval" suke ce masa. Misali sahabban da aka tura Banu Ƙuraiza: wasu suka yi sallar la'asar a hanya, wasu suka jinkirta har sai da suka isa, kuma bai zargi kowane ɓangare ba. Idan kana neman ma'anar "tacit approval" da ba za ta taɓa kuɓuce maka ba, riƙe taƙriri.

Daga nan za ka iya fitar da ma'aunin da za ka gwada kowace jimla da shi. Kafin a kira shiru "tacit consent", dole mai shirun ya san abin da ke faruwa, domin wanda bai ji ba bai gani ba babu abin da ya yarda da shi. Dole ya kasance yana da bakin magana, ba tsoro ko tilas ne suka rufe masa baki ba. Dole kuma wurin ya zama wurin da ake sa ran wanda bai yarda ba zai tanka, kuma an ba shi isasshen lokaci. Shugaban taro da ya ce "akwai mai ja?" ya dakata, ya dubi jama'a, babu wanda ya ɗaga hannu, ya samu amincewa irin wannan. Wanda ya karanto shawara da sauri ya wuce gaba kafin a gama fahimta, bai samu komai ba. Sharaɗi ɗaya ya faɗi, kalmar ta faɗi tare da shi.

Kotunan Ingila sun ja wannan layi a wata shari'a ta 1862 da ake kira Felthouse da Bindley, wadda ɗaliban lauya a Najeriya suke karantawa har yau saboda dokar kwangilarmu daga can ta samo tushe. Wani mutum ya yi cinikin doki da ɗan ɗan'uwansa, sai aka samu saɓani a kan kuɗi: shi yana nufin fam 30, yaron yana nufin gini 30 (wani kuɗin Ingila ne na da), wato fam 31 da sule 10. Sai ya rubuta masa wasiƙa ya raba bambancin biyu, ya ce idan bai sake jin komai ba, ya ɗauka dokin nasa ne a kan fam 30 da sule 15. Yaron bai amsa ba. A ransa ya yarda, har ya gaya wa mai gwanjon da ke sayar masa da dabbobi cewa a ware dokin, amma mai gwanjo ya manta ya sayar. Baffan ya kai ƙarar mai gwanjo yana cewa an sayar da dokinsa. Kotu ta ce dokin bai zama nasa ba, domin mai tayi ba shi da ikon ɗora wa wani cewa shirunka amsa ne. Wannan hukunci ne ke kare ka idan wani ya aiko maka saƙo cewa in ba ka amsa cikin kwana uku ba ka sayi kayansa.

Akwai kuma inda doka da kanta ta ce shiru ya ɗaure ka, kuma nan ne mutane suke asarar kuɗi. A ƙasashe masu bin tsarin dokar Faransa, har da Nijar da Kamaru da Chadi, za ka ga "tacite reconduction" a takardar haya ko inshora ko wata yarjejeniyar shekara-shekara. Ma'anarta idan wa'adi ya cika babu wanda ya rubuta cewa ya janye, yarjejeniya ta sabunta kanta. Abin da ke cin mutane shi ne ranar da ake dubawa ba ranar ƙarewar kwangila ba ce. Ranar rufe ƙofar sanarwa ce, wadda take zuwa kafin nan da tsawon lokacin da takardar ta ambata. Idan kwangila za ta ƙare 31 ga Disamba kuma an ce a ba da sanarwar wata uku, wasiƙar da ta isa a Nuwamba ta makara. Don haka duk takardar da ka ga wannan lafazi a ciki, nemi tsawon wa'adin sanarwa, ka ƙirga baya daga ranar ƙarewa, ka aika a rubuce ta hanyar da za ta bar maka shaidar karɓa. Matsalar ta yi yawa a Faransa har a 2005 aka yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni su tunatar da abokin ciniki a rubuce, tsakanin wata uku da wata ɗaya kafin ƙofar ta rufe. A Sikotilan ma akwai irinta a dokar haya, suna ce mata "tacit relocation", gadon dokar Rumawa ce. Hatta tsakanin ƙasashe ana amfani da dabarar: a yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1974, gyaran da hukumar jiragen ruwa ta duniya ta zartar yakan fara aiki a ranar da aka sa, sai dai idan adadin ƙasashen da aka ƙayyade sun rubuto ƙin amincewa. An koma wannan tsari ne saboda jiran kowace ƙasa ta sa hannu yana sa gyara ya tsufa kafin ya fara aiki.

A siyasa, wanda ya fi kowa yayata kalmar shi ne John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, a littafinsa kan mulki da ya fito a 1689. Ya ce hukuma ba ta da iko a kan mutum sai da yardarsa. Aka ce to yawancin mutane ba su taɓa sa hannu a komai ba. Sai ya raba yarda biyu: wadda aka furta, da "tacit consent". A cewarsa duk wanda yake cin moriyar ƙasa, ko ya mallaki gona, ko ya kama ɗaki na mako guda, ko ma tafiya kawai yake a kan hanyarta, ya yarda da dokarta. David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotilan, ya mayar masa da martani a 1748 da misalin da har yau ba a ture shi ba. Ya ce talakan da bai iya wani harshe ba, yake ci daga hannu zuwa baki, ta yaya za a ce yana da zaɓin barin ƙasarsa? Daidai yake da mutumin da aka ɗauka yana barci aka sa a jirgin ruwa, sannan a ce zamansa a ciki yarda ce da mulkin matuƙi, alhali fita na nufin faɗawa teku. Hume yana nuna sharaɗin nan na biyu ne: wanda ba shi da ikon cewa a'a, shirunsa ba i ba ne. Ina ganin duk mai karanta labaran siyasa ya kamata ya riƙe wannan, domin sau da yawa ana kiran shirun jama'a "tacit support" alhali gajiya ce ko fargaba.

Akwai wani reshe na ma'anar da ba ruwansa da yarda, shi ne "tacit knowledge". Michael Polanyi ne ya kafa shi, masanin kimiyyar sinadarai haifaffen Budafes a 1891 wanda ya koma Manchesta a 1933 kuma daga baya ya juya ga falsafa. A littafinsa na 1966, The Tacit Dimension, ya ce mun san fiye da abin da za mu iya faɗa. Misalinsa fuska ce: kana gane fuskar wanda ka sani cikin dubban mutane, amma a ce ka bayyana yadda ka gane ta sai ka rasa. Haka mai hawan keke ba zai iya zayyana yadda yake daidaita jikinsa ba. Wannan shi ne ilimin maƙerin da yake duban launin ƙarfe ya san lokacin cire shi daga wuta, da na makanikin da yake jin ƙarar inji ya san inda ciwon yake, da na mai tuƙa tuwo da take ji a muciya cewa gari ya isa. Ba rowar ilimi suke yi ba idan sun kasa bayani; abin a hannu da ido yake zaune. Shi ya sa irin wannan sani ba ya tafiya ta takarda, sai ta zama kusa da gwani ana kallo ana gwadawa ana gyara maka. A Hausa "ilimin da ke hannu" ko "sanin da baki ba ya iya faɗa" sun fi kusa da shi.

Yanzu ga bambancin da ka tambaya. Sirri ana ɓoye shi ne don kada wani ya sani. Abin da yake "tacit" kuwa sau da yawa kowa ya sani, furtawa ce kawai ba a yi ba. Saboda haka fassara "tacit support" da goyon baya a asirce ko ta ƙarƙashin ƙasa kuskure ne mai girma, domin ka ƙara zargin da marubucin bai yi ba. Wannan "covert" ce ko "secret". Abin da aka hana faɗa ko yi kuma "taboo" ne, kalmar da ba ta haɗa komai da Latin ba: Kyaftin James Cook ne ya ji ta a tsibirin Tonga a 1777 ya kai ta Turanci. Matar da ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, alkunya ce ta hana ta, wannan ya fi kusa da "taboo". Sai "implicit", wadda ta fi kowace rikita mutane. Tushenta naɗewa ne, abin da aka naɗe a cikin wani abu. Idan sanarwar aiki ta ce masu digiri ake nema, cewa mara digiri kada ya nema yana naɗe a cikin maganar, wannan "implicit" ne. Ita ana ciro ta daga cikin abin da aka faɗa, "tacit" kuwa daga shirun mutane da yadda suke tafiyar da al'amarinsu. Akwai wuraren da za su iya musayar gurbi, amma ba ko'ina ba: "implicit trust" na nufin amincewa ɗari bisa ɗari, ba za ka sa "tacit" a nan ma'ana ta tsaya ba.

Wajen sa ta a Hausa, kada ka nemi kalma ɗaya da za ta yi maka aiki ko'ina, babu ita, kuma ba a bukatarta. Dubi sunan da take siffantawa, ka tambayi kanka wane ne ya yi shiru, a kan me. Sau da yawa gara ka rushe siffar ka gina jimla da aikatau, domin Hausa ta fi son haka. "Tacit agreement" tsakanin 'yan kasuwa biyu: sun fahimci juna ba tare da sun zauna sun yi magana ba. Masana tattalin arziki suna da "tacit collusion", inda manyan kamfanoni kaɗan suke bin farashin juna babu taro babu takarda, shi ya sa yake da wuyar kamawa a kotu, tunda doka yarjejeniya take nema ta hukunta. A nan "haɗin baki" ya yi nauyi, domin baki bai haɗu ba. Ka ce suna bin sawun juna a farashi. "Tacit approval" daga babba a kan abin da ba daidai ba: ya kawar da kai, ko ya zuba ido ana yi, ko da saninsa aka yi bai hana ba. Idan abin kirki ne: bai furta ba amma shirunsa ya nuna ya amince. "Tacit understanding" a gida ko a wurin aiki: abu ne da kowa ya sani ba sai an faɗa ba. "A fakaice" da "a kaikaice" suna aiki wani lokaci, amma ka yi hattara da su, domin su suna nuna an yi magana ta gefe ne, kamar habaici ko gugar zana, alhali a "tacit" ba a yi maganar ba sam.

Wadda ta fi bukatar taka-tsantsan ita ce "tacit admission". Idan jarida ta rubuta cewa murabus ɗin wani jami'i "tacit admission" ne na gazawa, jami'in bai amsa laifin komai ba. Marubucin ne ya karanta hakan daga abin da ya aikata. Mai fassarar da ya rubuta "ya amsa cewa ya gaza" ya sa masa magana a baki, kuma a aikin jarida wannan na iya jawo ƙarar ɓata suna. Abin da ya dace shi ne a ce murabus ɗin nasa tamkar amsa gazawa ne, ko ana kallonsa a matsayin amsa gazawa, a bar "tamkar" ɗin a wurinta, a kuma nuna cewa fahimtar marubucin ce.